Kwandon Mutaru a Ƙarƙashin Gadar Garhoud

Mutaru direba ne a wani shagon kayan gyaran mota da ke Ras Al Khor a Dubai, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ɗan yi jim kafin ya ce tuƙi. Jikan masunta ne. Kakansa ya taso daga Yawuri da tarunsa, yana sauka a wannan kogi yana tashi zuwa wancan, har ya yada zango a Yeji, bakin tafkin Volta a ƙasar Gana. A can aka haifi uban Mutaru, a can aka haifi Mutaru, cikin zangon Hausawa. Ya iya ɗaura ƙugiya tun bai iya ɗaura tazugen wandonsa ba. Da kifi ya fara ja baya a tafkin, taru yana dawowa da ciyawa fiye da abin sayarwa, sai ya koyi mota. Ya yi tuƙi tsakanin Yeji da Kumasi na ɗan lokaci, daga nan wani ɗan'uwansa ya nemo masa hanyar Dubai a shekarar 2009.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya ɗaga murya. A yatsansa manuni na dama akwai kanta, daidai inda zaren fatsa ke bi, kuma ko yana zaune a sahu yana jiran liman za ka ga babban yatsa yana shafa wurin.

Mai shagon, wanda duk ma'aikata ke kira Arbab, tsoho ne mai gaskiya amma marar ɗaukar wargi. Ya yarda da Mutaru har yakan bar masa a-kori-kurar shagon daga yammacin Alhamis zuwa safiyar Asabar. Sai dai ranar da ya fara miƙa masa makulli ya riƙe shi bai saki ba tukun, ya ce, "Mukhtar, sunan shagona na jikin ƙofar motar nan. Duk ranar da sunan nan ya shiga takardar hukuma saboda kai, ranar ka gama aiki a wurina." Ba barazana ba ce. Direban da Mutaru ya gada haka ta faru da shi, an kama shi yana ɗaukar fasinja da motar, kafin sati ya zagayo yana cikin jirgi. A ƙasar nan aikinka shi ne bizarka. Aka ce ka gama aiki, to ka gama zama.

Shekarun farko shi kaɗai ya yi su. Matarsa Hamidatu tana Yeji da 'yarsu Fatimah, sai murya a waya. Sai a 2013 Allah ya buɗe mata hanya, ta sami aikin gyaran ɗakuna a wani otal a Al Rigga, ta bar yarinyar hannun kakarta ta taho. Suka kama ɗan ɗaki a Hor Al Anz, cikin gidan haya da aka raba falonsa da katako, kana jin tarin maƙwabcinka kamar a kan gadonka yake. Ko a jikinsu. Bayan rabuwa irin tasu, samun mai cewa sannu da zuwa in ka dawo aiki ya ishe su godiya. Bizarta ta otal ce, tasa ta shago. In aka sallame shi, ita ba ta da ikon binsa sai wa'adinta ya cika. Su biyun sun san haka, ba su dai cika zancen ba.

Abu ɗaya Mutaru ke yi don kansa a duk mako. Ranar Juma'a in ya sallame asuba, sai ya ɗauki sandar fatsarsa, ya biya ya ɗauki abokinsa Elkana, su nufi ƙarƙashin gadar Garhoud inda ruwan teku ke shigowa cikin gari. Elkana Kirista ne ɗan Numan, mai gyaran esi, shi ma a bakin Binuwai ya girma. A wurin gyaran esin shagon suka haɗu, hira ta kai su ga tarwaɗa da giwan ruwa, daga ranar ba su rabu ba. Da yake a can Juma'a ce ranar hutun kowa, sai ta zama ranar ibadar su duka. Hantsi na yi su naɗe, wannan ya yi wanka ya nufi coci, wancan ya nufi masallaci. Elkana na kiransa Sarkin Ruwa, shi kuma yana ce masa Ɗan Numan.

Farkon zuwansu wurin, kifi har rige-rige yake. Sha'ari da safi, wani lokaci har ɗan hamur. Mutaru bai damu da sunayen Larabawa ba, in ya ciro mai faɗi sai ya ce karfasa ce ta yi kwalliya. Amma shekara na bin shekara abin na raguwa. Manyan suka ɓace, aka koma ciro 'yan mitsi-mitsi waɗanda ba su kai tafin hannu ba. Masu fatsa kuwa kullum ƙaruwa suke, Indiyawa da Filifinawa da Larabawa, kafaɗa da kafaɗa. Mutaru ya san wannan ciwo, ya gan shi a Volta. Yakan girgiza kai ya ce, "Ruwan nan ya gaji. Masu jirage sun tatse shi."

To, a farkon zafin 2014 Elkana ya kira shi da yammacin wata Alhamis.

"Sarkin Ruwa, an fa rufe kamun kifi. Abokin aikina ne ya gaya mini, wai daga wannan watan sai sanyi ya shigo."

"Madalla!" in ji Mutaru. "Ai da tuni ya kamata. Allah ya saka wa wanda ya kawo shawarar."

"Har da mu fa."

"Mu su wa? Kana da taru ne ka ɓoye mini?"

"Har da fatsa, na ce maka."

Mutaru ya yi dariya har Hamidatu ta leƙo. "Ɗan Numan, tsakaninka da Allah, a Binuwai ɗinku an taɓa hana fatsa?"

Elkana ya ce, "Gaskiya ban taɓa ji ba."

"To ka gani."

Ba taurin kai ne ya sa shi faɗin haka ba, abin da ya tashi ya tarar ne. A garinsu ma ana rufe ruwa. In lokacin ƙwai ya zo, dattawan masunta kan zauna da Sarkin Ruwa, a sa mai shela ya zaga zango, kada wanda ya ja taru, kada wanda ya jefa birgi sai an buɗe. Wanda ya ƙi ji a ƙwace kayansa. Amma fatsa ba ta cikin zancen. Fatsa ta mai neman na miya ce, ƙugiya ɗaya kifi ɗaya. Shi kansa Sarkin Ruwan yakan zauna da tasa da yamma a bakin ruwan da ya rufe, mutane na wucewa suna gaishe shi. Don haka da Mutaru ya ji an rufe ruwa, hankalinsa bai kawo masa kowa ba sai masu jirage da manyan komaye.

Ga kuma Hamidatu. Azumi ya ƙarato, tana son ta haɗa shito, yajin nan na mutanen Gana da ake soyawa da mai da busasshen kifi, wanda kan ɗauke su sahur har sallah. "Baban Fati," ta ce, "in ka samo mini ko 'yan kaɗan ne gobe, na shanya a saman bene. Ranar nan tasu kafin la'asar ta busar da su." Ita ba ta ji abin da Elkana ya faɗa ba, shi kuma bai ga abin maimaitawa ba.

Washegari Elkana ya fito ba sanda, sai fulas ɗin shayi a hammata.

"Ina makaminka?"

"Yau ɗan kallo ne ni. In an zo kama ka, a sami mai kai wa madam labari."

"Bakinka ya sari dutse. Yalla, shigo."

Da suka isa, wurin wayam. Inda a da sai ka roƙi mutum ya matsa maka, yau daga su sai wata mage. Elkana ya dubi hagu ya dubi dama ya ce, "Ka ga abin da nake gaya maka?"

"Zafi ne ya kore su. Mutanen esi, ina za su iya?"

Ya ajiye motar kusa, ya sauko da kayansa. Cikin kayan akwai kwandon wankin Hamidatu, na roba mai murfi da huji-huji. Sauran masu fatsa da kula suke zuwa cike da ƙanƙara, kifi na fitowa a jefa shi ciki ya sandare. Mutaru bai taɓa iya wannan ba. A Yeji ba ƙanƙara, masunci kan sa abin da ya kama a kwando ya nutsa shi a gefen kwale-kwale, kifi na ransa har lokacin tashi, ya isa gida bai yi laushi ba. Haka ya ci gaba da yi a Dubai. Ya sa dutse a kwandon, ya ɗaure murfin, ya zura shi cikin ruwa da igiya, ya ɗaura bakin igiyar a wani ƙarfe kusa da ƙafarsa. Kularsa kuwa ba komai ciki sai burodi da jatan landen da yake sa wa ƙugiya.

Ranar kifi ya ci kamar a shekarun farko. Da ya jefa sai ya ji ja. Yana cirowa, ya zare ƙugiya, ya ɗago kwando ya saka, ya mayar. Fuskarsa ta washe. "Ɗan Numan, ka yi asara yau!"

"Ai ni na ga gabana na faɗuwa ne. Duka wannan ruwa kai kaɗai?"

Rana ta ɗan ɗaga sai ga wata farar mota ta gangaro a hankali ta tsaya bayan a-kori-kurar. Wani matashi ya fito cikin farar kandura, doguwar rigar Larabawa, kati rataye a wuyansa. Ma'aikacin da ke duba gaɓar ruwa ne. Bai zo da fushi ba. Ya yi sallama, Mutaru ya amsa masa cikakkiya. Ya nemi katin shaidarsu, suka ba shi. Sannan ya juya ya tsaya yana karanta rubutun da ke jikin ƙofar motar.

"Motar wa ce?"

"Ta Arbab ce," in ji Mutaru.

"Ba ka san mamnu'i ba ne? An hana kamun kifi a watannin nan."

Mutaru ya tattaro Larabcin allo da na kasuwa, inda ya maƙale Elkana ya cike masa da Turanci. Ya ce shi ba shi da taru, ba shi da jirgi, fatsa ce kawai, ƙugiya ɗaya. Ya ɗaga ta ma don a gani.

Ma'aikacin ya dube shi da kyau, ya ga da gaske yake. Ya ce, "Habibi, ai wannan hanin don masu fatsa aka yi shi. Masu jirage suna da nasu dokokin. Kai a idonka kai ɗaya ne. Ni kuwa in na zaga ranar Juma'a lokacin sanyi, daga nan har bakin teku sanduna ne a jere, kowa na cewa ƙugiya ɗaya ce."

Mutaru ya sauke ƙugiyar. Ya tuno cunkoson da ya saba gani a nan, abin da bai taɓa haɗawa ya auna ba.

"Ina abin da ka kama?"

Ma'aikacin ya buɗe kular da kansa, ya ga burodi da jatan lande. Ya leƙa bayan mota, ba komai. Elkana ya saci kallon Mutaru, ya ɗan runtse ido. Igiyar na nan kusa da ƙafarsa, shuɗiya, ta yi kama da tarkacen da ruwa ke kawowa. Da ya yi shiru, da wataƙila shi ke nan. Amma ranar Juma'a ce, da alwalar asuba a jikinsa, kuma mutumin da sallama ya zo masa. Ya ji ba zai iya ba.

"Suna ƙasa," ya ce.

Ya durƙusa ya jawo igiyar. Kwandon ya taso ruwa na zuba ta hujojinsa, kifi na ta fal-fal a ciki, ba su kai goma ba. Ma'aikacin ya ja da baya kada su jiƙa masa kandura, sannan ya matso ya leƙa.

"Da ransu?"

"Da ransu. Haka muke yi a gida."

Matashin ya shafa gemu, ya dubi kifin, ya dubi motar. Ya ce, "To ji nan. Ban taɓa kama ka ba. In duk suka koma ruwa da ransu, gargaɗi zan yi maka da baki, mu rabu. In akwai matacce a ciki, ba ni da yadda zan yi, sai na rubuta, har da lambar mota. Buɗe."

Mutaru ya kwance murfin, ya karkata kwandon cikin ruwa. Suka fita kamar an harba su. Saura ɗaya. Wani sha'ari ne, mafi girma a cikinsu, wanda ya haɗiye ƙugiya da nisa har sai da Mutaru ya sha fama kafin ya zare ta. Ya fito daga kwandon a hankali, ya yi gefe, sai ya juya farin cikinsa sama yana lilo a kan ruwa.

"Yesu," in ji Elkana ƙasa-ƙasa.

Mutaru bai tsaya cire takalmi ba. Ya taka duwatsun ya shiga ruwa har gwiwa, ya tallabo kifin da hannu biyu, ya daidaita shi ciki ƙasa, ya juya kansa wajen da ruwa ke tahowa. Ya yi bisimilla. Yana tura shi gaba kaɗan, ya dawo da shi kaɗan, don ruwa ya bi ta bakinsa. Murfin kumatun ya ɗaga sau ɗaya ya tsaya. Wani jirgin sama ya wuce ta kansu zai sauka, ƙararsa ta cika ƙarƙashin gadar, ba wanda ya ɗaga kai. Abin da Mutaru ke gani a ruwan nan ba kifi ba ne. Hamidatu yake gani ta dawo daga Al Rigga da dauɗar aiki ta buɗe ɗaki ba kowa.

"Shwayya, shwayya," in ji ma'aikacin, wato a hankali. Shi ma ya tsuguna a bakin ruwan, ya manta da kandurarsa.

Kumatun suka sake ɗagawa. Suka rufe, suka buɗe. Mutaru ya ji wutsiyar ta motsa a tafinsa, bai saki ba tukun. Can sai kifin ya yi wata zabura, ƙayar bayansa ta tsaga masa hannu, ya suɓuce ya nutse. Suka bi wurin da ido, suna jira ko farin cikin zai sake tasowa. Bai taso ba.

"Alhamdulillahi," in ji Mutaru. Ya dubi jinin da ke tafinsa sai dariya ta kufce masa.

Ma'aikacin ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya miƙa musu katunansu. "Khalas, shi ke nan. Naɗe sandarka. In sanyi ya shigo ka nemi izini ka dawo." Ya kama hanyar motarsa, sai ya waiwayo ya nuna kwandon. "Wannan ba na wanki ba ne?"

"Na matata ne."

"To ka wanke mata shi kafin ta gani. In ita ta kama ka, ba ni da ikon ceto."

Sai da farar motar ta haye titi sannan Elkana ya zube a kan dutse. "Sarkin Ruwa, yau an tuɓe maka rawani. Kai da za ka yi shiru, sai ka jawo igiya? Na runtse maka ido har ya kusa maƙalewa!"

"Na gani."

"Ka gani, ka jawo!"

"Zuba mini shayin nan, Ɗan Numan."

A gida Hamidatu na shirin fita aikin rana. Ta ga kwando wayam, ga wando jiƙe, ga hannu ɗaure da tsumma. Ya zauna bakin gado ya ba ta labari tun daga wayar Elkana. Ba ta katse shi ba. Da ya kai inda aka tambayi motar wa ce, sai ta zauna a ƙasa ta dafe kai.

"Baban Fati, an gaya maka jiya, ka ji da kunnenka, ka bar ni ina ta zancen shito?"

"Na ɗauka irin na gida ne."

"Irin na gida! Da sai in zauna ni kaɗai a cikin katakon nan ina cin shito?" Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen mayafi. Ta tashi ta shimfiɗa sallaya ta yi sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta kama hannun ta kwance tsumman, ta wanke ciwon da ruwan gishiri, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Busasshen kifin kuwa a kasuwar Deira ta sayo shi ranar hutunta, ta ce ba laifi, sai dai gishiri ya yi masa yawa.

Duk da haka Mutaru bai sake ba. A masallaci ya yi ta tunanin ko matashin ya riƙe sunan shagon a kansa, ko zai canza shawara ya kira. Ranar Asabar da sassafe ya isa Ras Al Khor, ya ajiye motar inda ya saba. Arbab na tsaye a ƙofar shago da kofin shayi. Ya karɓi makullin, ya zaga motar kamar kullum, ya leƙa baya, ya shaƙi iska.

"Mukhtar, yau motar ba ta ƙarni. Ba ka je ruwa ba?"

"Na je, Arbab. An rufe, sai sanyi. Na mayar musu da kifinsu."

"Ka kyauta wa hancina." Ya kurɓi shayi. "Ranar Litinin kada ka ɗauki kaya da safe. Ka je gwajin lafiya, bizarka ta kusa ƙarewa, zan sabunta."

Mutaru ya ce to. Ya zaga bayan shagon inda ake tara tsofaffin tayoyi, ya zaro waya ya kira Hamidatu. Tana ɗagawa ya ji ƙarar injin shara a bayanta.

"Lafiya?" ta ce da sauri.

"Lafiya lau. Litinin zan je gwaji."

Ya ji ta kashe injin. Sannan ta ce, "To ka ci abinci kafin ka tafi, layin wurin nan tsawo gare shi."